Wushiryar Malama Sa'adatu

Har gobe ba na mantawa da ranar da Malam Isiyaku na Fagam ya ajiye mini haƙoran matarsa a kan tebur, ƙunshe cikin hankici. Ku sababbin shiga, ku buɗe kunne, don na ga kuna ji da na'urar nan kamar ku kuka ƙera ta.

Ni ma'aikacin haɗa haƙoran roba ne a asibiti a Birnin Kudu. Likita ne ke duba mara lafiya, ni in tsara haƙoran. A da sai mu cusa wa mutum wani kwaɓi a baki mu ɗauki siffar dasashinsa, mu jera haƙoran gwaji a kan kaki irin na zuma, ya dawo ya saka ya kalli madubi ya faɗi gyaran da yake so. Mutumin Gwaram sai ya yi ta sintiri a mota. Da aka kawo sikana, wata 'yar kyamara mai kama da buroshin goge baki, sai aiki ya sauya. A zagaya da ita cikin baki, siffar ta fito a kwamfuta, in tsara, a aika Kano inji ya fitar. Aka daina zuwa gwaji, kowa na murna.

Malama Sa'adatu, matar Malam Isiyaku, tana koyar da matan aure a Islamiyya. Ta faɗo daga babur, haƙoranta huɗu na gaba na sama suka zube, tun daga nan ta daina shiga aji saboda kunyar giɓi. Na ɗauki siffar bakinta, kwamfuta ta jero haƙora reras, babu inda iska za ta bi. Ranar da ta saka su ta kalli madubi ta ce, "Sun yi kyau. Allah ya saka da alheri." Ni kuwa har da fasa kai.

Ranar dawowa duba aiki sai ga ta tare da mijin, ya ajiye mini hankicin nan. Na ce, "Malam, ciwo suke ji mata?"

Ya ce, "Ko kaɗan. Ai ba ta ƙara saka su ba, makarantar ma ba ta koma ba. Likita, ina wushiryar?"

Duk mai farar riga likita ne a wurinsu, ban tsaya gyara masa ba. Na ce, "Wace wushirya?"

"Haba! Matar da duk Fagam ke kira Mai Wushirya? Gadon mahaifiyarta ne, Allah ya ji ƙanta. Ta ce in ta saka waɗannan, baƙuwa take gani a madubi."

Na juya gare ta na ce, "Malama, me ya hana ki faɗa tun ran nan?"

Kanta a sunkuye ta ce, "Ka sha wahala a kansu. Yaya zan kushe?"

Wallahi sai a lokacin na gane. Sikana ba ta ganin haƙorin da ya riga ya faɗi, kwamfuta kuma ba ta san ana son ƙofa tsakanin haƙora ba. Da ta tsohuwar hanya muka bi, da a wurin gwaji maganar ta fito.

Na je wa babbar likitarmu da batun, don sai da izininta ake sake aiki. Ta yi dariya ta ce, "A makaranta an koya mana toshe wushirya, a nan kuma mijin ne ya biyo sawunta. Je ka buɗe."

A nan na'urar ta biya bashinta, domin siffar bakin na nan a ajiye, ba sai an sake komai ba. Na juya allon kwamfutar ya fuskanci Malama, na fara raba haƙoran tsakiya a hankali. Malam Isiyaku ya matso yana cewa, "Ƙara, Likita, ƙara!"

Ta ce, "Malam, bakina ne ko naka?" Sannan ta ce da ni, "Rage kaɗan. Tsinken tsintsiya ne yake wucewa, ba kara ba. Yauwa, tsaya nan."

Da sababbin suka iso ta saka, ta daɗe riƙe da madubi. Sai hawaye. Ta ce, "Ga Innata." Ni ma sai na shiga neman abin da ban ajiye ba a cikin durowa. Da ta share ido ta ce, "Malam, a aika wa ɗalibaina, Asabar akwai karatu."

To, kun ji. Mutanenmu ba sa kushe aikin wanda ya yi musu ɗawainiya, za su gode maka su tafi da damuwarsu gida. Kafin ku aika komai Kano, ku juya allon ya kalli mai bakin, ku tambaye shi yadda yake kafin ya zo hannunku.