Minti Hamsin na Kawu

Kawuna ya shekara ashirin da shida yana auna kaya a wani ƙaramin filin jirgin sama, irin wanda jirgi ke sauka sau uku a mako. Abokan aikinsa Sikeli suke ce masa, don da ya ɗaga jaka zai faɗi nauyinta, kuma da wuya ya kuskure.

Mahaifiyata yayarsa ce, ita ta goye shi. Aure ya kawo ta garinmu, mu ma muna da namu ɗan filin. Tsakanin filayen biyu kilomita ɗari uku da arba'in ne ta sama, minti hamsin. Ta ƙasa kuwa sai an kewaye duwatsu, awa goma sha ɗaya. Kawu bai taɓa yarda da lissafin ƙasa ba. Duk sanda Mama ta ce, "Auta, yaushe za mu gan ka?" sai ya yi dariya a waya: "Haba Yaya, minti hamsin ne fa. Kafin ki sauke tukunya na iso." Shekara tara tana sauke tukunya. Sai dai saƙo ta hannun ma'aikatan jirgi, yau sabulu, gobe takalmi. Ni abin haushi yake ba ni, amma ita ba a taɓa mata ƙane.

Wata Talata da sassafe na kira shi daga asibitin da aka kwantar da Mama, na ce likita ya ce a tara 'yan'uwa. Akwai motar da ke tashi ƙarfe bakwai, na roƙe shi ya hau.

Ya ce, "'Yata, wa zai bar jirgin azahar ya bi mota? Ai zan riga ta isowa."

Tikitin ma'aikata gare shi, wanda ba a hawa da shi sai kujera ta ragu. Kullum kuwa tana raguwa, shi ya sa ya saki jiki, har ya tsaya aikin ranar, jakarsa a ƙarƙashin tebur. Da hannunsa ya auna kayan wasu 'yan taro, mutum arba'in da takwas, daidai da kujerun jirgin. Sauri ya haifi nawa. Yana tsaye a jikin gilashi jirgin ya ɗaga, kuma babu wata motar sai safiyar Laraba.

Mama ta kai azahar ɗin Laraba, tana juyo da kai duk sanda aka turo ƙofa. Har yau yana ci mini rai da ban ɗaga masa murya a wayar nan ba.

Da magariba ya iso, an riga an dawo daga maƙabarta. Na tanadi maganar da zan gasa masa, amma da na ga yadda ya tsuguna a bakin ɗakinta sai na fasa.

Ya ce, "Ta neme ni?"

Na ce, "A'a Kawu, barci take ta yi."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Ba ki iya ƙarya ba, 'yata."