Ranar da Kakata Ta Ƙona Gadonta

Shekaranjiya na bi ta gefen wata gona ana ƙona karan dawa. Hayaƙin na bugun hancina sai na tsaya cak, kamar an kira sunana. Mutane na wucewa suna kallona, ƙato da furfura ya tsaya yana shaƙar hayaƙi. Ba su san kakata na tuna ba.

Gidanmu a Jibiya bakin hanyar manyan motoci yake, waɗanda ke tsallakawa Maraɗi. Gaba da mu kaɗan akwai wani kwari. In marka ta kama, irin ruwan nan mai kwana biyu ko uku yana zuba ba hutu, sai kwarin ya cika ya shanye hanya. Motoci su jeru, direbobi su kwana inda ruwa ya tsare su, ga sanyi, ga yunwa.

Saboda su kakata ta ajiye wata babbar ƙwarya a ragaya, rufe da faifai. A ciki akwai garin kunu, tsamiya, citta, kanumfari da ƙuli-ƙuli, sai ashana cikin kwalba don kada ta yi sanyi. A ƙarƙashi kuma tsofaffin barguna biyu a naɗe. Ƙwaryar direbobi muke ce mata, kuma ba mai taɓa ta. Sau ɗaya na zari ƙuli guda. In ka duba da kyau, har yau kunnena na hagu ya ɗan fi na dama tsawo.

To a wata damina komai na ƙwarya ya cika, abu ɗaya ne babu: itace. Gwaggona ta zo gida haihuwar fari, kwana arba'in ana dafa mata ruwan wanka safe da yamma, duk busasshen itacen da aka tara ya tafi a gindin tukunya. Abin da ya saura yana tsakar gida, ya sha ruwa ya ƙoshi. Mu kanmu kwana biyu garin rogo muke jiƙawa.

Bayan la'asar kakana ya dawo daga wajen motocin da direbobi huɗu, ya sauke su a zaure. Ɗaya dattijo ne, mutumin Maraɗi. Shi ne ya shiga ruwan har ƙirji don ya gwada musu zurfinsa, ya fito jiki na ɓari. An cire masa jiƙaƙƙiyar riga, an rufa masa bargunan duka biyu, amma haƙoransa sai haɗuwa suke kaf-kaf-kaf, leɓensa ya yi fari. Kowa ya san wuta mutumin nan ke buƙata, kuma da wuri.

Abin da zai ba ka haushi, motarsa katako ta ɗauko. Cike har sama, busasshe ƙayau, lulluɓe da tamfol.

Wani matashi cikin direbobin ya ce, "Baba, mu zaro guda ɗaya mana. Wa zai sani?"

Dattijon ya leƙo daga cikin bargo. "Ni zan sani. Kayan mutane na, ba ni aka yi in kai."

"To sai ka mutu mu yi maka makara da shi."

"Ko makarar, sai kun tambayi mai shi."

Aka yi dariya, amma gajeruwa. Kakana tsohon falke ne, ya sha kai kayan mutane a kan jakuna tun kafin mota ta yawaita. Ya daɗe yana kallon mutumin, sannan ya ce, "Ku ƙyale shi." Ya shiga cikin gida, na bi bayansa.

Ashe kakata duk ta ji ta bayan katanga. Muka same ta tsaye a tsakiyar ɗakinta tana waige-waige. Sai ta ce, "Malam, kama mini gadon nan."

"Gadon mi?"

"Wanda kake cewa yana kuka kamar akuya in na juya. Yau ka huta."

Gadon kara ne, na karan dawa, kakana ne ya ɗaure mata shi da hannunsa bayan girbin bara. Ya ce, "Tsohuwa, ni fa na ɗaure shi."

"Shi ya sa ba zai yi wuyar kwancewa ba."

Kara ba ya jimawa a wuta, bal ɗaya ya zama toka, kuma ta san da haka. Sai ta riƙa sa shi uku-uku, ta jingina jiƙaƙƙen itacen nan kewaye da murhu. Yana tururi, yana tsiyayar da ruwa, yana wani tsuwa, har ya bushe ya kama. Ɗakin girki ya cika da hayaƙi, idanunmu na hawaye. Kafin magariba gado ya ƙare, amma an samu garwashi cike da kasko da kunun tsamiya mai citta har tana ƙona maƙogwaro. Aka kai zaure. Dattijon ya rungumi kaskon kamar jariri, ya sha kunu ludayi bayan ludayi. Ana kiran isha gumi ya keto masa, ɓarin ya tsaya.

Da safe ni na tona asiri. Na kai musu ruwan alwala na ce wa dattijon, "Baba, gadon amaryata ka sha jiya." Ka san wasan jika da kaka. Ya tambaye ni mi nake nufi, na zayyana masa duka. Can ya roƙi kakana a yi masa iso.

Ya durƙusa a bakin ƙofa. "Inna, wallahi da na sani..."

"Da ka san mi? Ka ƙona na mutane? Nawa na ƙona, ba mai tsare ni a kan iyaka ya tambaye ni ina gado. Tashi ka kai wa mai kaya kayansa cif."

Da hantsi ruwa ya janye, dattijon ya ja motarsa, tamfol ɗinsa a ɗaure yadda aka ɗaure masa. Kakata kuwa a tabarma ta kwana har aka girbe dawa. Kullum da safe sai ta tashi tana dafe da ƙugu, ta ce laifin Malam ne da ya ɗaure gado mai saurin cin wuta.

Na girma na yi yawo, Agadas, Kwatano, Legas, ba inda ƙafata ba ta taka ba. Direbobin yanzu da ƙaramar tukunyar gas suke tafiya, da butar shayi, ga waya a aljihu. Kwarin ma an yi masa gada. Alhamdu lillahi, ba na cewa a koma baya. Amma a daminar bana, ana tafka ruwa, na kama kaina ina zagaya ɗakina da ido: in baƙo ya shigo yanzu yana ɓari, mi zan iya ƙonawa? Kujera roba, akwati ƙarfe, katifa soso. Idona ya tsaya kan gado.

Mai ɗakina ta ajiye tire, ta bi inda nake kallo, ta dawo da ido kaina.

"Ko da wasa," in ji ta.