Ƙugin da Malam Iro Kaɗai Yake Ji

Akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin nan, wato Talatar da aka miƙo mini takarda aka ce in sa hannu a kan cewa kayan situdiyo lafiyarsu ƙalau, kunnen Malam Iro ne ya mutu. Ku da kuka shigo sashen injiniya bana, ku gyara zama. Na ji ana cewa Anti Rabi ta cika taurin kai. E, ina da shi, kuma ga ranar da ya yi mini rana.

A lokacin shekarata uku a gidan rediyon nan namu na Funtua, ina mataimakiyar injiniya, ni ce ta ƙasa a sashen. A samana akwai Oga Sunday, shugaban sashe, haifaffen garin nan, Hausarsa ta fi ta wasunku. A samansa sai Manaja, Alhaji Kabir. Malam Iro kuwa shi ke gabatar da shirin manoma duk Litinin da Alhamis da ƙarfe biyar na yamma. Tsohon malamin gona ne, ya gama yawon ƙauyukan Malumfashi da Kafur a kan babur kafin ya yi ritaya ya shigo rediyo. Manoma suna bugo waya kai tsaye, shi kuma yana ba su amsa.

Ga wanda bai san aikin ba, mai gabatarwa ba ya jin mai bugo waya sai ta hedifon, abin nan da ake kifawa a kunnuwa. Hedifon ɗin a jone yake da wani ɗan akwatin ƙarfe da ke kan tebur, mai maɓallin ƙara murya da ragewa. Abin da ke fita wa jama'a hanyarsa daban, abin da ke shiga kunnen mai gabatarwa hanyarsa daban. Don haka mutum zai iya shan azaba a ciki, masu sauraro ba su ji komai ba.

Tun farkon bazara Malam Iro ya fara kuka da ƙugi. Ya ce da ya zauna sai ya ji zuuu a kunne, kamar ƙudan zuma. In ya ƙara murya don ya danne ƙugin, sai muryar mai bugowa ta tsage, ta koma hayaniya. Sau uku ana rubuta ƙorafin nan a littafin rahoto. Oga Sunday ya sake hedifon, ya zauna a kujerar ya saurara, bai ji komai ba. Samarin da ke shirin waƙoƙi, kujera ɗaya, hedifon ɗaya, su ma ba su ji komai ba. Daga nan aka fara raha. In Malam ya wuce sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ina wuni!" da ƙarfi, a tuntsire da dariya.

Ranar wata Litinin abin ya ɓaci. Wani manomi ya bugo daga Bakori, ya ce rumbunsa ya ƙone da masarar da ya ajiye ta iri. Malam Iro bai ji ba. Ya ɗauka albishir ake yi masa na amfanin gona, sai ya ce, "Madalla, madalla, Allah ya maimaita mana." Innalillahi! Ni ce a kan miksa, na'urar haɗa sauti, ranar, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin mu rufe shirin, wayar Manaja ta ɗauki zafi.

Ƙa'idar gidan nan ita ce, ba a sauke mai gabatarwa saboda lafiya sai sashen injiniya ya shaida a rubuce cewa laifin ba na kaya ba ne. Hannu biyu ake so, na shugaban sashe da na wanda yake bakin aiki ranar. Washegari Talata aka kira ni ofis. Na tarar Oga Sunday ya riga ya sa nasa. Manaja ya turo mini takardar da biro.

Na karanta, na ajiye. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan sa ba."

Ya ce, "Ba za ki me ba?"

Na ce, "Ba zan sa hannu ba. Ban gama bincike ba."

Oga Sunday ya ce, "Rabi, ni da kaina na gwada. Ko kin fi ni sani ne?"

Na ce, "Oga, ban fi ka sani ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai minti biyar ka yi a kujerar nan, shi awa guda yake yi. Kuma kurma ba ya jin gaisuwata daga bakin ƙofa ya amsa, Malam kuwa yana amsawa."

Manaja ya ce to, tunda na zama likitar kunne, za a ba ni takardar tuhuma, in amsa kafin Alhamis. Ranar Alhamis ɗin Malam zai yi shirinsa na ƙarshe, ya yi sallama da masu sauraro. In ban kawo hujja ba, ni da shi mu fita tare. Na ce, "Allah ya kai mu." Na fito.

Yinin Laraba a situdiyo na yi shi. Na bi abin daki-daki yadda nake koya muku. Na sake hedifon. Na murɗa wayarsa tun daga kunne har bakin da ake sokawa a akwatin, ko akwai inda ta karye a ciki. Na goge bakin da ramin da yake shiga. Na kawo wayar salula kusa, don ita ma tana sa ƙara, amma tata tit-tit-tit ce, ba zuuu ba. Na kashe fanka, na kunna. Na gwada da wutar gari, na sa aka tada janareta na sake gwadawa. Na ƙure murya har ta tsage, na gane daga ina tsagewar take: Malam ne yake ƙurewa. Amma ƙugin da ke sa shi ƙurewar, ko alamarsa. Wallahi da yamma sai da shaiɗan ya fara raɗa mini, "Rabi, anya ba ki jefa kanki a rijiya a kan tsohon da kunnensa ya tafi ba?" Raina ya ɓaci, ko abinci ban iya ci ba.

Ranar Alhamis bayan La'asar na shiga situdiyo in gaishe shi, in kuma ba shi haƙuri na kasa. Yana zaune a kujerarsa yana jera takardu. Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni." Durƙusawar nan ita ta cece mu. Idona ya faɗa ƙarƙashin tebur, sai ga ƙafafunsa tsirara a kan siminti, da danshin alwala, har sun bar sawu.

Na ce, "Baba, ina takalminka?"

Ya ce, "Yana bakin ƙofa mana, 'yata. Ɗakin da nake buɗe shiri da sunan Allah zan shigo da takalmi? Ban taɓa ba."

Na dubi hannunsa na hagu. Yatsansa na kan maɓallin akwatin nan na ƙarfe, ɗabi'arsa ce, ba ya ɗagawa har a gama. Sai na tuna a farkon bazarar nan aka yaye tsohon kafet da ya ruɓe, aka bar siminti. Mu duk da muka gwada, da takalmi muka gwada, masu ƙasan roba. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Na ce ya ɗan tashi. Na tuɓe takalmina, na ɗauko butarsa na jiƙa ƙafa, na kifa hedifon, na ɗora yatsa a kan akwatin. Zuuu! Har cikin haƙorina. Yatsan kuma yana tsikari kamar ana soka mini allura. Kada in ga wani a cikinku ya yi wannan gangancin, ga mita, ga tasta na gwajin wuta, su aka yi don wannan. Ni ranar zuciya ce ta ɗebe ni. Sai daga baya na ɗauko mita na auna, na ga wuta ce 'yar kaɗan take yoyo a jikin akwatin. Wayar atin, wadda aikinta shi ne ta kwashe irin wannan yoyon ta kai ƙasa, ba ta aiki. Da wutar ta rasa hanya, sai ta bi ta jikin Malam.

Na bi wayar akwatin da hannu har bayan tebur. A nan gabana ya faɗi. Akwai ƙari a jiki, an naɗe da salatif, kuma na san naɗin, nawa ne. Ranar da aka yaye kafet aka matsar da tebur, waya ta gaza kaiwa soket, ana sauran minti goma a fara labarai. Na ƙara mata tsawo da waya mai jijiya biyu maimakon uku, na ce gobe zan sake. Goben ba ta zo ba. Ni na yanke atin ɗin da hannuna.

Na tsaya da salatif a hannu. Babu wanda ya gani. Da na so, sai in gyara shiru, in ce ƙugi ya tafi da kansa. Amma in na yi haka, takardar da ke ofis tana nan tana cewa dattijon nan kurma ne. Na bar wayar yadda take, na tafi ofis ba takalmi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na kawo amsar tuhumata, amma tana situdiyo."

Ya zo, Oga Sunday na biye. Na nuna masa kujera ya zauna, na kifa masa hedifon. Ya ce, "To, ga shi, ban ji komai ba."

Na ce, "Cire takalminka, ranka ya daɗe. Har safa."

Ya ce, "Ke Rabi, kina da hankali kuwa?"

Na ce, "Da saura. Na auna, ba za ta kashe ka ba. Baba wata biyu yana sha, kai daƙiƙa biyu nake roƙo."

Ya dubi Oga Sunday, ya dubi Malam da ke tsaye a gefe. Ya cire. Ko ruwa ban zuba masa ba, zufar safa ta wadatar. Ya ɗora yatsa, sai ya zabura ya fizge hedifon ya ce, "Subhanallahi! Wannan ne?" Malam Iro ya ce, "Shi ne, Alhaji."

Manaja ya ce wane ne ya yi wannan aikin banzan. Oga Sunday ya buɗe baki zai rufa mini asiri, na riga shi. Na ce, "Ni ce. Ga ƙarin, ga yadda aka yi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A rubuta sunana, a yaga waccan takardar a gabana." Ya ce ba ni zan koya masa aiki ba. Na ce haka ne, amma ba zan taɓa wayar nan ba sai an yaga, ga shi biyar saura kwata. Ya aika aka ɗauko, ya yaga. Na kashe wuta, na sa waya mai jijiya uku, Oga Sunday da kansa ya riƙe mini fitila. Biyar daidai Malam ya yi bismillah, ƙafarsa a kan siminti, kunnensa tas.

An ba ni takardar gargaɗi, kuma na cancanta. Ƙarin girman da nake jira ya wuce ni a shekarar. Ban yi kuka ba, ban roƙi kowa ba. Shirin manoma kuwa Malam ya ci gaba da shi har damina shida, sai da ya ce da bakinsa ya gaji.

Abin da ya karya mini zuciya sai bayan an tashi daga shirin ranar. Na same shi a baranda na ce, "Baba, ka yafe mini. Amma tsikarin nan na yatsa, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "'Yata, da kowa ya ce bai ji ba, ni ma na yarda jikina ne. Ƙugi a kunne, yatsa na tsikari, na ɗauka shanyewar jiki ce ta fara sallama. Ko matata Hajiya ban gaya wa ba. Na dai kira babban ɗana na nuna masa iyakar gonaki." A nan hawaye ya zubo mini, ban iya tare shi ba.

Saboda haka ku saurare ni da kyau. A aikin nan "ban ji ba" ba ya nufin "babu". In mutum ya ce yana jin abu, ku je ku zauna inda yake zama, a lokacin da yake zama, yadda yake zama, kafin ku ɗauki biro. Waya ba ta jin kunya, ba ta da iyali, mutum ne yake da su. Duk wanda ya miƙo muku takarda ku sa hannu a kan abin da ba ku bincika ba, ko ni ce, ku ajiye masa bironsa. In an ba ku tuhuma ku kawo mini, tare za mu amsa.