Tayar Dama da Ban Murɗa Ba

Malam Sani, jiya da dare na yi wani mafarki, har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Na rubuto maka da hannuna, ban aiko da murya ba, don kada Inna ta jiyo daga ɗakinta. In ka ga harafi ya ɓace ka yi haƙuri, kai ka koya mini, ka san inda nake tuntuɓe.

Ka san gobe da sassafe Nasiru, ƙanena, zai kai Inna Jos aikin ido. Mun daɗe muna jiran ranar. Likita ya ce in ta wuce sai a sake bin layi, idon kuma kullum ƙara rufewa yake.

Ka kuma san 'yar motar rimot ɗin nan tawa, shuɗiya, wadda muke tsere da ita ranar Asabar a simintin bayan tsohon sito. Ta daɗe tana ba ni wahala. In ta shiga kwana, bayanta ya zame ta juya. In na sassauta sifirin na baya, naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, don ta kama ƙasa, sai gaban ya ƙi lanƙwasa, ta miƙe ta bugi shinge. Abin da na ba baya, daga gaba nake cire shi. Dabarar da ta rage ita ce in karkata tayoyin gaba ciki kaɗan, da wani siririn ƙarfe mai zare da ake murɗawa. Ƙa'idarmu ɗaya ce: abin da ka yi wa hagu, ka yi wa dama kafin mota ta taka ƙasa.

A mafarkin ina tsugune a filin namu. Gari da haske amma babu rana, kuma babu mai inuwa. Na murɗa ƙarfen hagu, taya ta kwanta yadda nake so. Na kai sifanar da nake murɗawa da ita dama, sai ta yi laushi a hannuna kamar alewa. Na ji muryar Ɗanladi, wanda kullum yake gaba da ni a tsere, amma ban gan shi ba.

"Baba Sannu-sannu, yau ma sai an jira ka?"

Na ce saura ɗaya, a ba ni lokaci. Aka busa usur.

Sai kawai na gan ni tsaye a kan bencin da muke hawa mu tuƙa, rimot a hannuna, motar ta riga ta tashi. Simintin ya miƙe ya zama kwalta, ya hau duwatsu, ya fara lanƙwasa. Hanyar Jos ce. A gefenta rami, ba a ganin ƙarshensa. Motar tana nan ƙarama, ba ta wuce tsawon kamu ɗaya ba, amma ina ganin cikinta sarai. Nasiru na gaba, hannuwansa a kan cinya, domin babu sitiyari. Sitiyarin yana wurina. Inna na baya, an naɗe mata fuska da farin bandeji, ta rungume kwanon abincinta.

In kwanar ta dama ce, nauyi ya koma kan tayar da na gyara, motar ta kama ƙasa lafiya. In ta hagu ce, nauyi ya faɗa kan wadda ban taɓa ba, sai gaban ya tafi, ya tafi, har tsakuwar bakin ramin ta fara zuba. Na ɗauke yatsa daga maɓallin ba ta wuta. Ba ta rage gudu ba.

A filinmu akwai masu tsayawa a kowace kwana, in mota ta kife su ruga su ɗaga ta. Suna nan a mafarkin, kowa a kwanarsa, amma duk sun juya wa hanya baya, sun harɗe hannu. Na kira su ɗaya bayan ɗaya. Ko motsi.

Sai kawai hanyar ta juyo, motar ta fuskanto ni. Duk mai riƙe rimot ya san in mota ta taho wajenka, hagunka ya zama damanta. Na san wannan tun fara koyo. Amma yatsuna suka manta. Na murɗa don in kawar da ita daga ramin, sai na ƙara tura ta can.

A nan Inna ta ɗago kai. Malam, ni ne ɗanta na fari, tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, Babba take ce mini. Amma ta juyo da fuskar nan mai bandeji daidai inda nake, ta ce, "Iliyasu." Ba da ƙarfi ba. Kamar mai tashin mutum daga barci. Tayar dama ta bar kwalta, ta ci gaba da juyawa a iska.

Na farka da hannuna a dunƙule, kamar har yanzu rimot ɗin na ciki. Na nemi tsari, na yi tofi ta hagu. Na san ba a yawo da mugun mafarki, shi ya sa kai kaɗai na faɗa wa.

Bayan asuba na ɗauko motar daga kan tebur. Tayar hagu a karkace, ta dama a miƙe. Jiya kiran magariba ya same ni a tsakiyar aikin, na ajiye. Wataƙila shi ke nan abin da ya bi ni barci. Na zauna na murɗa ta dama har suka daidaita. Na je na zagaya motar Nasiru ina taɓa tayoyi, yana dariya, wai "Yaya, wannan ba ta rimot ba ce." Da na koma gida Inna ta ce, "Babba, ka ci abinci?" Tana ninke kayan tafiya da lalube.

To Malam, me ka gani a ciki? In hana tafiyar, in bar ta cikin duhu saboda mafarki? Ko in shiga motar gobe in zauna kusa da Nasiru? In dai aikin da na bari rabi ne kawai ya dame ni, me ya sa ta kira sunana?