Ƙaron da na kankare daga allon Malam

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare da ke Kausani, aka matsa mana lamba mu koma karatu don mu samu cikakkiyar shaidar malanta. Na shiga wani shiri na Asabar da Lahadi da ake yi a cikin garin Wudil, a wani aji da aka ware mana mu kaɗai. Mun kai mu talatin, duk magidanta, wasu har da furfura. Ni aka naɗa monita, kuma in faɗi gaskiya na ɗauki abin da zafi, sai ka ce an ba ni dagacin gari.

Malamin da ke koya mana nahawun Turanci dattijo ne da ya daɗe da yin ritaya, aka dawo da shi na wucin gadi, duk shekara ana sabunta masa. Shi ya koya mana bishiyar li'irabi. Yadda abin yake, ana rubuta jimla a ƙasan allo, sai a sa harafin S can sama. Daga nan a raba gida biyu, yankin suna da yankin aikatau, kowanne a yi ta fitar masa da rassa, har sai ko wane reshe ya sauko ya dira a kan kalmarsa. Malam yakan ce, "Reshen da bai taka kalma ba, ƙarya yake yi." Misalansa kullum na gida ne, daga mai sayen sa a kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a, sai masunci a gindin gada. Ni da na shekara goma ina haddace Turanci kamar aku, a hannunsa na fara gane inda jimla take da gaɓa.

Abu ɗaya ne yake ci mini tuwo a ƙwarya. Akwai abokina, mutumin Darki, wanda shi kaɗai Malam ya yarda ya rubuta jimlar a ƙasan allo. Tun da sassafe yake zuwa ya rubuta, ya bar tazara mai faɗi tsakanin kalmomi. Ni monita guda, ko alli ba a ba ni. Na taɓa yin ƙorafi, Malam ya ce, "Monita, rubutunka kamar kaza ta yi tonon shara. Ka tsaya a kiran suna." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Ana nan sai labari ya zo cewa za a turo wani jami'i daga hedikwata ya zauna a ajin kowane malamin wucin gadi, wanda aka ga ya gaza a sallame shi. Duk mun san abin da ajin nan yake a wurin Malam. Matarsa ta rasu, abokansa sun ƙare, in ka cire masallaci ba shi da wurin zuwa sai wajenmu. Na ce a raina lallai sai mun fitar da shi kunya, kuma ni zan yi abin da kowa zai san akwai monita.

Allon namu na siminti ne, ya koɗe ya yi fari-fari, ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu tauri a manne, jere a ƙasa, wasu kuma a warwatse har sama. Na ɗauka ɓarnar ɗalibai ce. Ranar Juma'a, jajibirin zuwan jami'in, bayan la'asar na zo da dakakken gawayi da baƙin garin da ke cikin tsohon batir, na kwaɓa. Na sa wuƙa na kankare ƙulle-ƙullen nan tas, na ga ashe busasshen ƙaro ne. Na shafe allon sau biyu, ya yi baƙi ƙirin, sumul. Na ja da baya ina kallo, ina yaba wa kaina.

Washegari abokina bai zo da wuri ba, an yi musu rasuwa a Darki ya tsaya jana'iza. Sai na ɗauki alli na rubuta jimlar da kaina, mai ma'anar tsohon manomi ya sayar da akuyarsa a kasuwa. Jami'in ya zauna a baya da littafinsa. Malam ya shigo, aka gaisa, na miƙe na ce, "Allah ya gafarta Malam, na rubuta jimlar."

Ya juya, ya ɗora tafin hannunsa na hagu a kan allon kamar yadda ya saba. Kullum muna ganin yana yin haka, mun ɗauka jingina ce ta tsufa. Hannun ya shafa dama, ya shafa hagu, ya sauko ƙasa, ya sake hawa.

Ya rubuta S, ya fara bayani, muryarsa daram, ko kuskure ɗaya babu a bakinsa. Amma allin ya ƙi bin bakin. Reshen da ya ce na manomi ne ya sauka a fili, inda babu komai. Na aikatau ya ratsa ta kan wani. Ya rubuta harafi a kan harafi. A daidai lokacin abokina ya shigo. Ya kalli allon, ya kalle ni, ya zauna a bencin bakin ƙofa ya dafe kai.

Jami'in ya taso a hankali, cikin ladabi ya ce, "Baba, don Allah karanta mini kalmar da wannan reshen ya sauka a kai."

Malam ya ajiye allin. Ya ce, "Ɗana, ba zan yi maka ƙarya ba. Ba na ganinta. Na kusa shekara biyu rabona da ganin rubutu."

A waje abokina ya faɗa mini sauran. Malam yana ganin inuwar mutum da hasken hanya, shi ya sa ba mu gane ba. Takardun jarrabawarmu 'yarsa ce ke karanta masa a gida. Ƙaron kuwa su biyu suka manna shi, ɗigo ɗaya a inda kowace kalma za ta zauna, ɗigo ɗaya a kowace mahaɗar rassa, hannun hagu yana lalubawa, na dama yana ja. Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?" Ya ce, "Amana ya ba ni. Kai kuma me ya hana ka tambaya kafin ka sa wuƙa?"

Ba a sabunta wa Malam ba. Na yi wata guda ina jin kunyar zuwa, sannan na ɗaure na hau babur na same shi a gidansa wajen Achika, yana zaune a zaure. Da sallamata ya gane ni. Bayan mun gaisa na durƙusa na ce, "Malam, ni ne na kankare allon. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na sani tun ranar. Wa zai yi wannan aikin in ba Monita ba?" Ya yi murmushi, ya lalubo kafaɗata ya dafa. "Tashi. Kaya ka sauke mini. Shekara biyu duk Asabar da fargaba nake fita, ina cewa yau asirina zai tonu. Yanzu ina barci."

Sai ya tambaye ni inda sabon malami ya kai mu. Na faɗa masa. Ya ce, "Saura mako uku da na nuna muku yadda jimla take goya wata jimlar a cikinta. Nan ne daɗin abin yake." Ya juyar da kai wajen bango, ya daɗe bai juyo ba.

Bai kai damina biyu ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Na sha jin mutane suna cewa niyya ita ce komai, kuma na yarda Allah yana duba zuciya. Amma na san niyyata ba zalla ba ce, akwai son a yaba mini a ciki, kuma shi ne ya hana ni tsayawa in tambaya. Abokina yakan ce in daina tuhumar kaina, tunda Malam da bakinsa ya ce na sauke masa kaya. Ni kuwa na ga yadda ya juyar da kai a zauren nan. Har yau ban sani ba ko gaskiyar zuciyarsa ya faɗa mini, ko kuwa nawa kayan ya ɗauka ya ɗora a kan nasa don in iya komawa gida, kuma wanda zan tambaya ba ya nan.