Ɗakinmu na Bayan Mota

Shekarar da nake ajin ƙarshe a makarantar horon malamai mata, Baba ya ce zai kai mu Kaduna mu huta. Inna ta tambaye shi hutun me, alhali babu wanda ya yi ciwo a gidan. A zamanin nan, tun Turawa suna ƙasar, mutum ba ya barin gidansa sai don biki, ko gaisuwar mutuwa, ko fatauci.

Baba direba ne, yana tuƙa babbar motar wani attajiri a Katsina, yana jigilar gyaɗa da fatu. A wata tafiya ya ga wani Bature mai awon ƙasa yana jan ɗaki da motarsa, ɗaki sosai mai taga da labule, duk inda ya ga dama sai ya tsaya ya shiga ya ɗora shayi. Abin ya zauna wa Baba a rai. Ya yi wata uku yana tara katakon akwatunan kaya, shi da wani kafinta abokinsa suka haɗa ɗaki daidai rabin bayan motar, da taga biyu da rufin tamfol, ya shafa masa shuɗin fenti da hannunsa. Da damina ta yi tsakiya jigila ta yi sauƙi, maigidansa ya ba shi aron motar na kwana goma, bisa sharaɗin ya ɗauko masa kwanon rufi daga tashar jirgin Kaduna, kuma ya dawo da ita yadda ya ɗauke ta. Motar nan ita ce abincinmu. In wani abu ya same ta Baba ya rasa aiki, kuma babu mai sake ba shi sitiyari a garin.

Muna da ɗan'uwa a Unguwar Sarki, Inna ta so mu sauka a gidansa kamar yadda mutane ke yi. Baba ya ce wanda ya zo da ɗakinsa ba ya takura wa kowa. Muka sauka a wani zango a bakin kogin, ta ɓangaren arewa, inda direbobi da fatake ke yada kaya su kwana biyu. Akwai motoci huɗu ko biyar a kan tudu, da rumfunan zana, da rijiya. Inna ta leƙa ta taga ta ga maza sun yi yawa, ta ce ita ba za ta zauna ana ƙirga mata lomar tuwo ba. Sai Baba ya gangara da motar can ƙasa, ƙarƙashin wata ɗorawa, taku kaɗan daga ruwa. Na ga mai zangon ya biyo shi yana magana yana nuna kogin da sanda, Baba yana gyaɗa kai yana ta ɗaure tamfol. Ba mu ji abin da suka ce ba.

Ni ban taɓa ganin ruwa mai tafiya haka ba. A wajenmu rafi yakan zo ya wuce kamar baƙo. Wannan kuwa ja ne, mai kauri kamar kunu, yana tafiya a hankali yana ɗauke da rassan itace da kumfa. Na sami wani faffaɗan dutse a gefensa, kullum da hantsi sai in zauna a kai da littafina ina rubuta 'yan baitoci, ina jiran in ga kada. Ban taɓa gani ba.

Inna kuwa ba ta huta ba ko na yini ɗaya. Matar wani falken goro ta aiko mana da dambu, Inna ta fara watsa wa kajin zangon, ta tsaya ta ga sun ci sun rayu kafin ta bari mu taɓa. Wani direba ya yaba tayoyin motar, ta ce wanda ya yabi akuyarka ya riga ya san inda zai ɗaure ta. Baba yana fita tun safe, yau kasuwa, gobe tashar jirgi, ya dawo da lemo da labari, ya zauna a ƙofar ɗakinsa yana kaɗa ƙafa kamar mai sarauta.

A safiya ta biyu wata tsohuwa ta zo. 'Yar ƙauyukan gefen kogin ce, ba takalmi, tana ɗauke da ƙwarya a kafaɗa maimakon a ka. Ba ta yi mana sallama ba. Ta wuce ta tsaya daidai bakin ruwa, ta ciro 'yan sanduna uku, kowanne da jan ƙyalle a kai. Ta kafa na farko a inda ruwa ke taɓa ƙasa, ta yi taku ɗaya ta kafa na biyu, ta ƙara taku ta kafa na uku. Leɓenta yana motsi. Da ta tafi muka ga sandunan sun yi layi sak, suna fuskantar tayar motarmu ta baya.

Inna ta kama hannuna ta ja ni ciki. Ta ce wannan asiri ne, so ake motar ta lalace a nan, a saye ta a banza ko a kwashe ta gunduwa-gunduwa, kuma tsohuwar ba ita kaɗai ba ce, aiko ta aka yi. Na ce ko mu faɗa wa Baba.

"Ki faɗa masa ya yi mana dariya? Mutumin da ya ɗora ɗaki a kan mota? Ke 'yar nan, je ki tugo su. Da hannun hagu, kuma ki yi bisimilla."

Na je na tugo su, ta cusa a murhu ta dafa mana koko da su.

Washegari tsohuwar ta dawo. Ta tsaya inda ta bar sandunanta, ta duba hagu ta duba dama, ta sunkuya ta shafa ƙasa. Sannan ta ɗago ta dube ni a kan dutsena, ta daɗe tana kallon littafin. Ta kafa wasu uku ta tafi. Na sake tuge su. A kwana na huɗu ta matso kusa da ni, har na ji ƙanshin hayaƙi a zanenta. Hausarta a karye take amma ana ganewa. Ta tambaye ni ko awaki na saukowa nan. Na ce ban gani ba. Ta tambaya ko yara. Na ce ban lura ba.

"To ke me kike rubutawa kullum a nan, 'yar boko? Wa ya aiko ki?"

Na ce waƙa ce kawai, Iya. Ta yi wani ɗan tsaki, alamar ba ta yarda ba. A ranar ta kewaye sandunan da ƙaya. Inna ta ce ai ga shi nan, aikin ya ƙara nauyi, tun da an kai ga ƙaya. Na soke yatsa biyu wajen tuge su, Inna ta tofa mini addu'a a kai.

A lokacin zargin ya riga ya shige ni. Nakan ga mai zangon yana hango mu daga tudu, sai in koma bayan motar. Na fara ganin matar falken goron ta cika tambaya: yaushe za mu tafi, motar ta wace ce. A safiya ta biyar na sauka da littafina ban ga dutsena ba. Na zaga wurin sau biyu, babu shi. Na koma na faɗa wa Inna, ta tafa hannu a hankali ta ce har dutse sun ɗauke, saboda na zauna a kai. Ni da aka koya wa auna ruwan sama da gwangwani da ƙaramar rula a makaranta, na yarda da ita. Ban kawo a raina cewa dutsen yana nan inda yake ba, ruwa ne ya rufe shi. Kwana uku ke nan ba a yi ko yayyafi a Kaduna ba, kuma mu mutanen Katsina ba mu san kogi na cika da ruwan da aka yi a wata ƙasa mai nisa ba.

Kwana na shida rana ta fito tas. Baba ya tafi tashar jirgi kan maganar kwanon. Wajen hantsi na sauko daga motar, ƙafata ta nutse a ciyawa har idon sawu. Ruwa ne a ƙarƙashin ciyawar, mai sanyi, ba ya ko motsi. Ina tsaye ina kallon ƙafata sai ga tsohuwar da mai zangon suna gangarowa da sauri, tana magana da yarensu tana nuna ni.

Mai zangon ya yi sallama daga nesa, Inna ta amsa daga bayan labule. Ya ce tun ranar da muka zo ya gaya wa Direba cewa nan ƙasa ruwa kan hau shi in kogi ya cika, kuma Iya, wato tsohuwar nan, ita ce ke duba musu kogin. In ruwa ya ci sanda ɗaya a kwana babu komai, in ya ci biyu kowa ya hau tudu. Shekara da shekaru haka ake yi. Amma kwana huɗu ke nan tana kafawa ana cirewa, ta kasa sanin ko nawa ya ci, sai yau da ta ga ruwa a gindin ɗorawa.

"Hajiya, ko kun ga mai cire su?"

Inna ba ta je Makka ba, amma ba ta gyara masa ba. Ta ce mu baƙi ne, ba mu san kowa ba.

Aka tura wani mai keke ya kira Baba. Kafin ya iso ruwa ya fito fili, ya kewaye tayoyin. Ya tayar da motar, ta yi gurnani, tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa laka, suna ƙara nutsewa. Duk mazan zangon suka sauko, har da direban da ya yaba tayoyin, suka naɗe wando suka sa kafaɗa. Ana turawa ana zolayar Baba, wani ya ce Bakatsine ya zo koya wa mota iyo. Ba ta motsa ba. Na ga fuskar Baba ta taga, gumi na zuba, leɓensa ya bushe, yana duban ruwan da ke matsowa wajen injin.

Mai zangon ya ce nauyi ya yi yawa, kuma ana bukatar katako a ƙarƙashin taya. Kowa ya dubi ɗakin Baba, don shi kaɗai ne katako a wurin. Baba ya sauko ya tsaya yana kallon ɗakinsa. Ya ce mu fito da kayanmu. Muka kwashe tabarmi da tukwane muka hau tudu, matar falken goron ta karɓi wasu ta shimfiɗa mana buhu. Daga nan na ga Baba ya ɗauki guduma ya fara da ƙofar. Shi ya ɓalle bangon da kansa, bai bar kowa ya taimaka masa ba. Aka jera shuɗin katakon a cikin laka, aka sake turawa, katakon yana karyewa ɗaya bayan ɗaya, har motar ta kama ƙasa ta haura tudu tana tsiyayar ruwa.

Baba ya zagaya ta sau uku, ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya ce alhamdu lillahi, injin bai sha ruwa ba. Sai a lokacin mai zangon ya ba shi labarin sandunan. Baba ya dubi Inna, ta kau da kai tana gyara ɗaurin tukunya. Ya dubi yatsuna masu ciwon ƙaya. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kiran sunana.

"Uwata, har da ke?"

Na ɓoye hannuna a bayana. Ya juya ya koma wajen motar.

Sauran kwanakin a Unguwar Sarki muka yi su, ni da Inna a ɗakin matar ɗan'uwanmu, Baba a zaure. Ya yini guda yana wanke motar, har da tsinke yana sakatar laka daga cikin ƙusoshi. Kafin mu bar zangon na hango tsohuwar cikin ruwa har gwiwa tana tsince katakon da bai karye ba, tana ɗorawa a kafaɗa. Inna ma ta gani. Ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce ai dama abin da ake so ke nan, an rasa mota an samu katako. Na so in ce mata ba haka ba ne, sai tsohuwar ta ɗago ta dube ni, irin kallon da take yi wa littafina, na sunkuyar da kai.

Muka koma Katsina a zaune kan kwanon rufi, rana na dukanmu. Attajirin ya zagaya motarsa, ya ƙwanƙwasa tayoyin da sandarsa, ya ce wa Baba gobe akwai lodin fatu zuwa Kano.