Baba Jiya, Mai Sassaƙa Hanyar Dutse

Kafin rana ta leƙo ta bayan tsaunin da ya yi wa Minna katanga, Baba Jiya ya riga ya saɓa diga ya fara hawa. Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki, shi manomin doya ne. Amma siririyar hanyar da ta ƙetare tsaunin, ta haɗa ƙauyukan bakin tafki da kasuwar gari, hannunsa ne ya sassaƙa ta.

Yana saurayi mahaifiyarsa ta zame a gangaren da doya a kafaɗa, ta karye a ƙugu, ba ta sake takawa ba har ta rasu. Tun daga nan yake sarar matakala a jikin dutse. Ruwa ya zo ya ɓata, ya koma ya gyara. Masu tallan nono daga rugagen kan tudu, da masunta masu kawo banda, duk ta nan suke saukowa.

Elizabet, ungozomar wani ƙauye a bayan dutsen, ta ba ni labarin ranar da naƙuda ta tsananta wa Rekiya, matar wani makiyayi. An ɗauko ta a kan ƙyauren ɗaki za a kai ta asibiti, sai ga ƙaton dutse ya gangaro ya toshe hanya, daidai inda Baba Jiya yake aiki.

Elizabet ta ce, "Baba, in muka zagaya ta titi, ba za ta kai ba."

Ya ce, "Riƙe ta, 'yata. Za mu wuce."

Ya zura ƙarfe ƙarƙashin dutsen, maza suka yi ta turawa cikin laka har ya mirgina kwari. Dutsen ya tafi da yatsun Baba biyu. Baba ya naɗe hannun da hularsa, ya kama gefen ƙyauren da ɗayan, suka sauko. Rekiya ta haihu, ita da 'yar suna nan lafiya.

Kai ne, Baba, ka hana kukanka ya zama na wasu. Kai ne sandar masu kaya, ba ka tambayi yaren kowa ko addininsa ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Yanzu gwiwa ta ƙi, ba ya iya hawa. Da na je gaishe shi, na tarar da shi zaune yana kallon ƙololuwar tsaunin. Samarin gari da na ƙauye, ga saƙonsa gare ku: "Ni na zauna, amma mutane ba su daina bi ba. Wani ya zo in nuna masa aikin."